Yadda nake auna tasirin mai binciken lafiya kafin in sa hannu a rahotonsa

Shekara goma sha huɗu ke nan ina aiki a laburaren wata kwalejin likitanci, kuma ko ban duba kalanda ba ina gane lokacin ƙarin girma ya ƙarato. Likitocin da kan yi wata shida ba su taka ƙofarmu ba sai ka gan su ɗaya bayan ɗaya, kowa da fayil a hammata, kowa da tambaya iri ɗaya: "Malama, nawa ne h ɗina?" Wannan h lamba ce da ake auna mai bincike da ita, ta yawan maƙalunsa da yawan yadda wasu masu bincike suke ambaton su a nasu rubutun. Wani kwamiti ne ya buƙata, wani tallafin bincike yake nema a waje, wani kuma abokin aikinsa ne ya faɗa masa tasa lambar a ɗakin shan shayi, hankalinsa ya tashi. Ba na hana kowa lambarsa. Amma ba na miƙa ta tsirara, domin na ga yadda lamba guda take ɗaukaka wanda bai yi wahala ba, ta kuma danne wadda ta ƙare ƙuruciyarta a ɗakin jinyar yara tana tattara bayanai da hannunta. Ga yadda nake bi, ko zai amfani wanda aka ɗora wa wannan aiki, ko mai binciken da yake son ya san inda ya tsaya.

Kafin a ƙirga komai, sai an tabbatar da waye mutumin. Wannan shi ne mataki mafi cin lokaci, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Sunayenmu suna wahalar da na'ura. Muhammad ɗaya zai fito a wata mujalla a matsayin Mohammed, a wata Muhammed, a wata kuma an mayar da sunan mahaifinsa farko. Wani sunan garinsu ne sunansa na ƙarshe, sai wata mujallar ta yar da shi. Mace ta yi aure ta ƙara sunan miji, sai ayyukanta su rabe gida biyu. Sannan ka lissafa yawan masu suna Sani, Usman, Abdullahi da Ibrahim daga Kano har Khartum har Jakarta. Wata rana wani likitan ƙashi ya zo min da murna, wai ambatonsa ya yi tashin gwauron zabi cikin wata biyu. Muka buɗe shafinsa na Google Scholar tare, sai ga maƙalu kan takin zamani da noman shinkafa, na wani mai irin sunansa a wata ƙasa. Ya bar na'urar tana ƙara masa ayyuka da kanta ba tare da ta tambaye shi ba. Ba da gangan ya yi ba, amma da wani ɗan kwamiti ne ya riga mu gani, da sai ya sha wahalar wanke kansa.

Saboda haka nakan ce wa mutum ya kawo min cikakken jerin ayyukansa da ya rubuta da kansa, sannan in bi su ɗaya bayan ɗaya a PubMed, rumbun da Babban Laburaren Likitanci na Amurka yake riƙe da shi, wanda kowa zai iya shiga kyauta. Nakan rubuta sunan ƙarshe da haruffan farko, in haɗa da sunan garin da yake aiki. A lura da wani abu: kafin 2014, PubMed adireshin marubuci na farko kawai yake nunawa, don haka in ka tace da sunan gari za ka rasa tsofaffin maƙalun da mutumin yake tsakiya. Kowace maƙala da na tabbatar tasa ce sai in kwafe lambarta ta PubMed da lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala a intanet, in zuba a Excel. Wanda ba shi da ORCID kuwa ba ya fita daga ofishina sai mun buɗe masa. Lamba ce mai gurbi 16, an fara bayar da ita a 2012, kyauta ce, kuma ko mutum ya sauya suna ko wurin aiki tana nan tare da shi. In Scopus, wani rumbu mai ƙirga ambato, ya raba mutum gida biyu ko uku, akwai hanyar neman a haɗe su, sai dai gyaran ba ya fitowa nan take, don haka kada a bari sai ana saura kwana uku a rufe karɓar takardu.

Daga nan sai maganar inda za a ɗebo ambaton. Ambato shi ne wani mai bincike ya kafa hujja da aikinka a cikin nasa, ya sa shi a jerin manazartarsa. Eugene Garfield ne ya kawo shawarar a riƙa tattara irin wannan a 1955, kuma kundinsa na farko na ambaton kimiyya ya fito a 1964. Shi ne tushen abin da ake kira Web of Science a yau, wanda yake hannun kamfanin Clarivate. Scopus na kamfanin Elsevier ne, ya fito a 2004, shekarar da Google Scholar ma ya fito. Waɗannan uku ba sa taɓa ba ka lamba ɗaya. Google Scholar kwashe-duka yake yi: kundin digiri, takardun taro, babin littafi, har da mujallun da ba wanda ya tantance su, shi ya sa lambarsa ta fi girma kusan kullum. Scopus da Web of Science suna zaɓe, amma zaɓen nasu ya bar mujallun Afirka da yawa a waje. Akwai mujallu na kirki da suke kan AJOL, wato dandalin mujallun Afirka da aka fara a 1998, waɗanda likitocinmu suke karantawa suna aiki da su, amma ba za ka same su a waɗancan biyun ba. To wanda ya buga mafi kyawun aikinsa a irin waɗannan, in ka auna shi da Scopus kaɗai ka zalunce shi, in kuma ka auna shi da Google Scholar kaɗai ka haɗa shi kwando ɗaya da mai biyan kuɗi a buga masa komai cikin mako guda. Ni dai nakan kawo biyu, in rubuta sunan kowane rumbu a gefen lambarsa. Inda jami'a ba ta biya kuɗin Scopus ba, OpenAlex yana nan kyauta tun 2022, sannan manhajar Publish or Perish ta Anne-Wil Harzing tana ciro lambobi daga Google Scholar ta jera maka su yadda za ka iya cire abin da ba naka ba.

Yanzu ga h ɗin da kowa yake tambaya. Jorge Hirsch, masanin fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, shi ya fito da shi a 2005. Lissafinsa ba ya buƙatar na'ura. Jera maƙalun mutum daga wadda aka fi ambata zuwa ƙasa. A ce yana da goma, ambatonsu kuma 120, 64, 30, 18, 11, 9, 7, 5, 2, 0. Ka riƙa sauka kana gwada matsayin maƙala da yawan ambatonta. Ta bakwai tana da 7, ta cika. Ta takwas tana da 5, ba ta kai takwas ba, sai ka tsaya. Ma'auninsa na h ya zama 7, ma'ana yana da maƙalu bakwai da aka ambaci kowacce aƙalla sau bakwai. Google Scholar yana ƙara wani da yake kira i10, wato yawan maƙalun da suka samu ambato goma ko fiye, a wannan misali biyar ke nan.

Ka dubi jerin nan da kyau za ka ga abin da h yake ɓoyewa. Ko da maƙalar farko ta tashi daga 120 zuwa 12,000, h ba zai motsa ba. Kuma ba ya raguwa: farfesan da ya ajiye bincike shekara goma da suka wuce lambarsa tana nan, tana ma iya ƙaruwa yana gida. Don haka kwatanta h na ƙaramin malami da na wanda ya koyar da shi aikin banza ne. Hirsch da kansa ya ba da shawarar a raba h da yawan shekarun da suka wuce tun maƙalar mutum ta farko. Nakan yi hakan, amma ga mata nakan tambayi ko akwai shekarun da haihuwa da reno suka tsayar da su, ga likitoci kuma shekarun horon ƙwarewa da ba su samu sararin rubutu ba, in rubuta shi a fili a gefen lambar.

Babban abin da ya fi damuna shi ne bambancin fanni. Mai binciken kansa ko ƙwayoyin halitta yana cikin taron dubban mutane masu rubutu dare da rana, kowace maƙala da manazarta masu yawa. Mai binciken cutar noma, wadda take cinye fuskar yara, kuma akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato, mutum nawa ne a duniya suke rubutu a kanta da har za su ambace shi? Sai a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, bayan Nijeriya ta jagoranci neman hakan. Haka yoyon fitsari, masu rubutu a kansa kaɗan ne. Haka ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, wanda Davidson da Parry suka yi nazarinsa a Zariya a shekarun 1970, suka duba alaƙarsa da wankan jego da kunun kanwa. Ambato talatin a irin waɗannan fannoni yana iya fin ɗari uku a wani fannin nauyi. Kuma ka sani, maƙalar da ta daɗe tana kan gaba a yawan ambato a Web of Science ba ta gano maganin wata cuta ba ce. Ta Oliver Lowry ce da abokan aikinsa ta 1951, kan hanyar auna furotin a ɗakin gwaji, an ambace ta fiye da sau 300,000 saboda duk wanda ya yi amfani da hanyar sai ya ambace ta. Maƙalun bayanin hanyar gwaji da na bitar ayyukan wasu suna tara ambato fiye da binciken asali, don haka nakan ware su a wani layi daban.

Maganin wannan shi ne a auna kowace maƙala da sa'o'inta. Ga mai binciken lafiya akwai kayan aiki kyauta da ba na gajiya da tallata shi: iCite, na Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka, NIH. Ka kwafo lambobin PubMed ɗin nan da ka tara a Excel ka zuba masa, sai ya ba ka wata lamba da ake kira RCR ga kowace maƙala. An bayyana yadda ake lissafa ta a mujallar PLOS Biology a 2016. Hikimar ita ce, ba mujallar da aikin ya fito ake dubawa don a gane fanninsa ba, ana duba waɗanne ayyuka ne ake ambata tare da shi, su ne danginsa na gaskiya. Lamba 1.0 tana nufin maƙalar tana samun ambato daidai da matsakaiciyar maƙalar da NIH ta ɗauki nauyi a wannan fanni, 2.0 ninki biyu ke nan. Wanda ya yi aikinsa a asibitin da wuta take ɗaukewa a tsakiyar gwaji, ya kuma samu 1.0, ya yi abin a yaba masa, kuma ina faɗa wa kwamiti haka. A iCite ɗin za ka kuma ga ko wani gwajin magani a kan marasa lafiya ko wata ƙa'idar jinya ta ambaci aikin, wanda a wurina ya fi kowace lamba daraja. Scopus yana da nasa mai kama da wannan, FWCI, wanda yake gwada maƙala da masu irin shekararta, fanninta da nau'inta, shi ma 1.0 ne matsakaicin duniya. Maƙalar da ba ta cika shekara biyu ba kuwa, kada a yi mata hukunci da ko ɗaya daga cikinsu, ba ta yi ƙwarin da za a auna ta ba.

Lambar tasirin mujalla ba zan daɗe a kanta ba, domin ba ta mutum ba ce. Ana lissafa ta ne da ambaton da maƙalun mujalla na shekara biyu da suka gabata suka samu a bana, a raba da yawan maƙalun. 'Yan ƙalilan masu farin jini ne suke jan lambar sama, sauran suna ƙasa da ita. Sanarwar San Faransisko kan tantance bincike, DORA, wadda aka tsara a 2012, ta ce a fili kada a yi amfani da ita wajen ɗaukar aiki, ƙarin girma ko rabon tallafi. Takardar Leiden da mujallar Nature ta buga a 2015 ta zo da ƙa'idoji goma, ta farkonsu ita ce lamba ta zama mai taimaka wa hukuncin masana, kada ta maye gurbinsa. In kwamiti ya dage sai na sa, nakan sa, amma a ƙarshen shafi.

Sai kuma a duba su waye masu ambaton. A Scopus da Web of Science akwai wurin da za ka latsa a cire ambaton kai. Ambaton kai ba laifi ba ne, wanda yake gina aiki a kan aikinsa na baya dole ya ambace shi. Amma in ka cire sai h ya faɗi ƙasa warwas, ko ka ga mutum huɗu ne kullum suke ambaton juna a mujalla ɗaya, to cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne, kuma ya kamata rahoto ya nuna lambobin biyu gefe da gefe. Nakan ɗauki maƙalu uku da aka fi ambata, in buɗe goma daga cikin masu ambaton kowacce, in karanta jimlar da aka ambace ta a ciki. Wani lokaci an gina sabon bincike ne a kanta, wani lokaci an jero ta ne cikin tarin wasu a gabatarwa, wani lokaci kuma ƙaryata ta ake yi. Maƙalar Andrew Wakefield ta 1998 a mujallar Lancet, wadda ta alaƙanta rigakafin ƙyanda da wata larurar ƙwaƙwalwar yara, an janye ta a 2010, kuma har bayan janyewar an ci gaba da ambatonta. Na'ura ba ta san yabo da suka ba, ƙirgawa kawai take yi. Shi ya sa nake duba kowane suna a rumbun Retraction Watch mai tattara maƙalun da aka janye, PubMed ma yana sa alama a kan maƙalar da aka janye.

Yanzu mu zo kan haɗin gwiwa, inda a ganina ake yin kuskure mafi girma a wajenmu.

A binciken lafiya, wurin da sunanka ya zauna yana magana. A al'adar fannin, na farko shi ne wanda ya ɗauki nauyin aikin ya rubuta shi, na ƙarshe shi ne babban da ya jagoranta, galibi shi ya samo kuɗin, sannan akwai wanda aka sa adireshinsa don a tuntuɓe shi. A Excel ɗina kowace maƙala tana da gurbi huɗu: yawan marubuta, matsayin mutumin, ƙasashen abokan aikin, da wanda ya biya kuɗin binciken. In ka gama cike su sai ka ga hoton da h ba zai taɓa nuna maka ba.

Wata shekara an kawo min takardun mutum biyu daga sashe ɗaya. Na farkon lambarsa ta ninka ta ta biyun har fiye. Da na cike guraben sai na ga kusan duk ambatonsa ya fito ne daga 'yan maƙalu masu marubuta ɗaruruwa, irin na manyan ƙungiyoyin da suke tattara bayanan cututtuka na duniya. Shirin nazarin nauyin cututtuka na duniya da wata cibiya ta Jami'ar Washington a Siyatil take jagoranta misali ne sananne: maƙala ɗaya takan ɗauki sunaye ɗaruruwa, ta kuma samu ambato dubbai, kowane suna kuma a rubuta masa dubban nan cif. Shiga irin wannan aiki ba abin kunya ba ne, ana buƙatar bayanan ƙasashenmu a ciki. Amma da na ware su gefe, abin da ya rage masa kaɗan ne, kuma babu inda ya zo na farko ko na ƙarshe a shekara shida. Ita kuwa likitar yara ce, ayyukanta ba su da yawa, amma ita ta tsara su, ita ta nemo izinin kwamitin ɗa'a, kuma a na baya-bayan nan ɗalibanta ne a farko ita a ƙarshe. Da na nuna mata ta ce, "Malama, ni fa na ɗauka ban yi komai ba." Na ce, "Dakta, ki dubi layin nan. Shekara biyar da suka wuce ke ake jagoranta, yanzu ke kike jagorantar wasu." Wannan tafiya daga tsakiya zuwa farko, daga farko zuwa ƙarshe, ita nake nema a takardun kowa. Tun daga lokacin nake fitar da lambobi kashi biyu, ɗaya da manyan maƙalun taron dangi, ɗaya babu su.

Wannan ba damuwata ni kaɗai ba ce. A 2019 mujallar BMJ Global Health ta buga wani nazari kan binciken lafiya da aka yi a Afirka, ya nuna cewa idan aka yi haɗin gwiwa da manyan jami'o'in Amurka, 'yan ƙasar da aka yi binciken a cikinta sun fi maƙalewa a tsakiyar jerin marubuta, akwai ma maƙalun da babu ɗan ƙasar ko ɗaya. Don haka in na ga an rubuta "ya yi haɗin gwiwa da ƙasashe goma sha biyu", tambayata ita ce: a matsayin me? Abokin tunani ne, ko mai ɗibar jini ya aika? Akwai kuma haɗin gwiwar da ake kwatance da ita. Gwajin SPRING, kan amfani da maganin hydroxyurea don kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki, an yi shi ne tsakanin asibitocin arewacin Nijeriya, ciki har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka. Da sakamakon ya fito a Lancet Haematology a 2022, sunan farko na likita ne daga Kano. Tambayar ta yaranmu ce, aikin a nan aka yi shi, sunan kuma ya zauna inda ya dace.

Mujallu da yawa yanzu suna buga abin da kowane marubuci ya yi a ƙarshen maƙala, wasu da tsarin CRediT mai rabe-raben aiki 14, tun daga wanda ya kawo tunanin har wanda ya nazarci bayanan. Ka karanta wannan sashe, gajere ne. Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya yana da sharuɗɗa huɗu na zama marubuci: ka ba da gudummawa ta gaske a tsara aikin ko tattara bayanai ko nazarinsu, ka rubuta ko ka yi gyara mai ma'ana, ka amince da kwafin ƙarshe, ka kuma yarda a tuhume ka kan ingancinsa. Zama shugaban sashe ba ya cikinsu. Idan na ga likitan ido a maƙalar haihuwa, da ta ƙashi, da ta ƙwayoyin cuta duk cikin shekara ɗaya, nakan tambaye shi cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, a wannan me ka yi?" Mai gaskiya ba ya jinkirin amsa.

Mai son ya ga haɗin gwiwar da idonsa, ya sauke VOSviewer, manhajar kyauta da Nees Jan van Eck da Ludo Waltman na Jami'ar Leiden a Holan suka ƙirƙira. Ka fitar da fayil ɗin maƙalun mutum daga PubMed ko Scopus ka ba ta, ka zaɓi taswirar marubuta. Kowane mutum zai fito a matsayin ɗigo, layi kuma yana haɗa waɗanda suka yi rubutu tare. Abu biyu za ka kula da su. Akwai wurin da ake cewa ta yi watsi da maƙalu masu marubuta da yawa, takan fara da 25, ka bar shi a kunne, in ba haka ba taswirar za ta zama kamar kasuwar Kurmi ranar jajibirin salla. Sannan ka shirya mata ɗan fayil da zai gaya mata cewa Mohammed da Muhammad mutum ɗaya ne. Abin da nake karantawa a taswirar shi ne ko duk layukan mutum suna bi ta kan farfesa ɗaya ne, wanda in ya yi ritaya komai ya tsinke, ko kuwa shi ne gadar da ta haɗa likitocin asibiti da masu ɗakin gwaji da masu lissafi. Ina kuma duba ko abokan aikin suna dawowa. Wanda aka yi aiki da shi sau ɗaya aka sake nemansa sau biyar, akwai dalili. Haka in na ga layi ya tafi Yamai, Zinder, Akra ko Yawunde ina jin daɗi, domin sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro ba su san iyakar ƙasa ba, amma taswirorinmu sun fi yawan nuna Landan da Baltimo fiye da maƙwabta.

Akwai abin da duk wannan ba zai kama ba, kuma dole mai auna ya riƙe shi a zuciya. Masaniyar kimiyya Katalin Kariko an rage mata matsayi a jami'arta a 1995 saboda ta kasa samun tallafi. Maƙalar da suka buga da Drew Weissman a 2005 ba ta ja hankalin mutane da yawa ba a lokacin. A kan wannan aiki aka gina rigakafin korona na mRNA, kuma a 2023 aka ba su kyautar Nobel. Duk wanda ya auna ta da lamba a shekarun farko da ya ce ba ta yi nisa ba. Shi ya sa kafin in rufe rahoto nake ce wa mai binciken ya zaɓi ayyukansa uku da ya fi alfahari da su, ya rubuta min layi biyar kan kowanne: wace tambaya ya amsa, me shi da kansa ya yi, me ya sauya bayan an buga. Wani zai ce ma'aikatar lafiya ta jiha ta sa shi a ƙa'idar aikinta, wani zai ce asibitinsu ya daina ba da wani magani saboda shi, wani zai lissafo ɗaliban da ya yaye. Nakan nemi shaida, takardar ƙa'idar ko rahoton taron da aka yanke shawarar, in haɗa a baya. Sau da yawa ayyuka ukun da mutum ya zaɓa ba su ne ukun da aka fi ambata ba, kuma wannan bambancin ma nakan nuna wa kwamiti shi.

Rahoton da nake miƙawa bai wuce shafi biyu ba. A sama akwai sunan mutum da ORCID ɗinsa da shekarar maƙalarsa ta farko. Sai yawan maƙalu da h daga rumbu biyu, da ambaton kai da babu shi, da manyan maƙalun taron dangi da babu su. Sai RCR na kowace maƙalar da ta haura shekara biyu, da yawan inda ya zo na farko ko na ƙarshe a shekara biyar na baya-bayan nan, da taswirar abokan aiki in an buƙata, sannan ayyukansa uku da bakinsa. A ƙasan kowane shafi nakan rubuta ranar da na ciro lambobin, domin wanda ya duba bayan wata ɗaya zai ga sun sauya, kuma na taɓa ganin an zargi mutum da ƙara wa kansa lamba alhali kwanan wata ne kawai ba a rubuta ba. Kwafi ɗaya na kwamiti ne, ɗaya na mai binciken, kuma shi nake fara ba wa ya karanta, ya nuna min in na bar wani aikinsa a baya ko na jingina masa na wani, sannan in sa hannu.